Ƙahon da Tornike Ya Shanye

"To, Tsisana, faɗa mana. Daga wace randa aka ɗebo wannan?"

Baba Shalva ne ya tambaya, dangin Tornike kaf sun jeru a dogon teburin da ke ƙarƙashin rumfar inabi, sun zuba mata ido.

Ta kai kofin giyar hancinta, ta shaƙa.

Babu komai...

Ta kurɓa. Sai ka ce ruwan rijiya.

Duk kwarin Alazani an san hancin Tsisana. Tun tana ƙarama take bambance giyar inabin gangaren dutse da ta bakin kogi ido a rufe. Wannan baiwar ce kaɗai ta sa Baba Shalva, mai gonar inabi da randuna binne a ƙasa tun na kakanni, ya fara sassautowa kan ɗansa Tornike ya auri 'yar talaka. Da can cewa yake sai Eliso, 'yar amininsa.

Abin da bai sani ba, zazzaɓin da Tsisana ta yi kafin girbi ya tafi da hancin da harshen gaba ɗaya. Ko Tornike kunya ta hana ta gaya wa. Da wane bakin? In aka cire hancin nan, me ya rage mata a idon gidan?

Eliso ce ta kawo tulun, ga ta can tsaye tana wani murmushi. Shekaranjiya a kan idon Eliso burodi ya ƙone ƙurmus a bayan Tsisana, hayaƙi ya turnuƙe, Tsisana ko a jikinta.

Tsisana ta dubi launin. Ja ne har ya yi baƙi, irin na giyar inabin da ake kira Saferabi.

"Saferabi ce, Baba," ta ce. "Ta gangaren dutse... ta nuna sosai. Ban taɓa shan mai daɗinta ba."

"Kun ji ko?" in ji Eliso. "Bari a cika wa Baba ƙaho ya ji daɗin da kansa."

Ta juye tulun duka a cikin babban ƙahon sa mai bakin azurfa, wanda ba a ajiye shi sai an ga ƙarshen abin da ke ciki. Ƙahon ya biyo hannu-hannu, ya iso gaban Tornike. Tsisana ta ga ya ɗan ɗage kai, fuskarsa ta canza.

Maimakon ya miƙa wa mahaifinsa, sai ya miƙe tsaye.

"Lafiyar Tsisana," ya ce, ya kafa kai.

Ɗa ya riga uba shan ƙahon farko, a gaban baƙi? Gwaggo Lamara ta dafe ƙirji.

"Kai, yaron nan, a daji aka raine ka?"

Bai saurara ba. Maƙogwaronsa na hawa da sauka, hawaye na bin kumatunsa, sai da ya kife ƙahon ko ɗigo bai faɗo ba. Ya ajiye, ya fice da sauri ya shige cikin layukan inabi.

Tsisana ta bi shi. Ta same shi durƙushe yana kelaya amai.

"Tornike, me ka yi haka? Ka zubar da mutuncinka a gaban kowa."

"Ya fi in bari a zubar da naki." Ya goge baki. "Daga randar nan da ta tsage aka ɗebo ta, hasken idona. Wadda ta ruɓe. Ko alade ba zai sha ba."

Ruɓaɓɓiyar giya ta yaba, da bakinta, a gaban surukai! Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ke nan ka sani..."

"Tun ranar da na zo miki kai tsaye daga turken awaki, kika ce turarena ya yi daɗi."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta.

"Ka yi shiru duk kwanakin nan?"

"Jira nake ki gaya mini da kanki. Yanzu dai babu shaida, na shanye ta. Mu koma, ki yi kamar ba a yi ba."

Ta dube shi, rigar bikinsa duk ta ɓaci, leɓɓansa sun yi fari fat. Yau ƙaho guda ya sha. Gobe fa? Haka zai ƙare rayuwarsa yana shanye ƙaryarta?

Ta juya ta koma ita kaɗai. Ta tsaya gaban Baba Shalva, kanta a ƙasa.

"Baba, ƙarya na yi. Ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano, tun zazzaɓin nan. Ban san ko zai dawo ba. Tornike asirina ya rufa, kada ka yi fushi da shi. In an fasa, ba zan ga laifin kowa ba."

Tsohon ya daɗe yana shafa gashin baki.

"Ke ce hancinki ya mutu, yarinya, nawa yana nan. Tun daga bakin ƙofa na jiyo warin tulun nan." Ya juya. "Eliso, wa ya aike ki randar da na ce kada a taɓa?"

Eliso ta sunkuyar da kai. Mahaifinta ya tashi ba tare da ya kalli kowa ba, ya ja hannunta suka fita.

"Ni kuwa zuba ido na yi in ga inda abin zai tsaya," in ji Baba Shalva. "Ban ji daɗin ƙaryar ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma sakaran da ya sha wannan ƙazantar saboda mace, in na hana shi ita, randar gaba ɗaya zai shanye ya mutu, ya bar ni da girbi."

Wasu suka fashe da dariya. Tsisana dai ta kasa ɗago kai.

Tsohon ya tashi da kansa ya shiga ɗakin randuna. Ya fito da ƙaramin tulu, ya cika kofi da Saferabi wadda marigayiya matarsa ta rufe da hannunta, ba a taɓa buɗe wa baƙo ba.

"Karɓi, 'yata. Wannan ta 'yan gida ce."

Ta karɓa da hannu biyu. Tornike ya dawo yana layi, ya tsaya a gefenta.

Ta kai kofin baki. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba, sai gishirin hawayenta da take tsammanin yana ciki.

Ta shanye tas.