Giwar Yumɓu a Kogin Dodanni

A unguwar masu hali ta Nassarawa GRA akwai wata yarinya. Gidansu babba ne, katangarsa doguwa. Abbanta kullum yana kan tafiya, Ummanta tana ofis. Ita kaɗai ce yarinya a gidan, har da bishiyar mangwaro take hira.

Ranar Asabar ce kawai take dariya. A ranar ne Uwani, mai dafa musu abinci, take zuwa da 'yarta Raudatu daga unguwar Kawaji.

Su biyun sun ƙirƙiro wasan yaƙi. Sun zana ƙasashe biyu a kan yashi. Kwatar famfon lambu ita ce Kogin Dodanni. Sojojin yarinyar na roba ne, daga kanti. Na Raudatu kuwa na yumɓu ne, da hannunta ta gina su. Shugabarsu giwa ce mai fukafukai.

Wata Asabar sojojin roba suka kewaye giwar.

"Na kama ta," in ji yarinyar. "Ga sabuwar doka. Duk wanda aka kama, a jefa shi a kogi."

"Haba, ki sa ta a kurkuku mana," in ji Raudatu. "Ko mu yi musaya. Ai ni ma ina riƙe da naki biyu."

"Ki jefa su. Doka ɗaya ce ga kowa."

Kafin Raudatu ta sake magana, tsundum, giwa ta faɗa ruwa. Fukafukan suka fara narkewa, sai hancin. Kan ka ce kwabo, ta koma laka.

Raudatu ba ta yi kuka ba. Ta ajiye sojojin robar biyu a hankali, ta kwashe nata a leda, ta koma kicin wurin mahaifiyarta.

Asabar ta zagayo, Uwani ta zo ita kaɗai. Ta gaba ma haka. Yarinyar ta jera sojojinta a kan yashi. Ƙasa duk tata ce, amma ba abokin wasa. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai.

Umma ta same ta zaune ita kaɗai. Yarinyar ta ba ta labari, ta ce, "Amma Umma, ai doka ɗaya ce."

"In aka jefa naki a ruwa, me zai same su?"

"Jiƙewa kawai."

"Nata fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Wanda kika kama ba shi da sauran ƙarfi," in ji Umma. "Amana ce a hannunki."

Washegari yarinyar ta roƙi Uwani ta kawo mata yumɓu. Kwana uku tana fama. Ashe ginin giwa ba wasa ba ne. Da giwar ta bushe, Umma ta kai yarinyar Kawaji.

"Raudatu, ki yafe mini," in ji yarinyar, tana miƙa mata giwar.

Raudatu ta juya abin ta sake juyawa. "Wannan giwa ce ko agwagwa?"

Suka tuntsire da dariya. Nan take suka sake doka. Wanda aka kama za a zaunar da shi a inuwa, a ba shi gyaɗa, in an tashi wasa ya koma gida lafiya.

"Ranar Asabar ina zuwa," in ji Raudatu. "Ki shirya, sai na kama sarkin sojojinki."

"Ki kama," in ji yarinyar. "Na san zai dawo."

Yara, in kun fi wani ƙarfi, ku tausaya masa. Nasarar da ta raba ka da aboki ba nasara ba ce.