Hannun da Ya Juya Fitila

Ni dai a duniyar nan babu abin da ke ba ni tsoro. Ku tambayi kowa. To, ban da allura, da kare in ya yi shiru, da matata in ta kira ni da cikakken sunana. Sai kuma abin da zan ba ku labarinsa yanzu.

Autanmu mai nutso ne. Yana da wata 'yar kyamara kamar kwalin ashana, amma idonta faɗi gare shi, tana kwaso gaba da gefe duk a lokaci guda. An ba shi aikin ɗauko hoton ragar ƙarfen da ke bakin babban bututu a ƙasan dam, don ruwa ya daina wucewa sosai. Ni ne mai riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa da kallon allo, saboda akwai waya daga kyamarar har cikin jirgi.

Mun makara. Rana ta yi ja muka isa tsakiyar ruwa, mu da Baba mai jirgi. Warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa ya cika hanci.

Auta ya miƙo min ƙarfen da kyamarar ke zaune a kai, mai hannaye biyu, kowanne da fitila.

"Yaya, buɗe su sosai. In fitila ta matso kusa da idon kyamara, dattin ruwa kawai za ka gani yana ƙyalli. Ka karkata su waje kaɗan, ka ɗaure noti tam."

"Kai, ni za ka koya wa noti? Ina ɗaura noti kana tsotsar yatsa."

Na ɗaure na dama. Na hagu kuwa, ina cikin tsokanar Baba cewa jirginsa ya girme shi, na bar shi sako-sako.

Ƙa'idarmu ita ce, in ya ja igiya sau ɗaya, lafiya. Sau uku, a jawo shi. Iskar tulun numfashin da yake goye da shi ta minti ashirin ce.

Ya faɗa. Kumfa ta taso.

A allo na ga ruwa kore, sannan baƙi. Haske biyu sun haɗu a tsakiya, fes. Ga ragar, tsatsa ja wur. A ƙasan hoton kuma ga manyan yatsun Auta biyu riƙe da ƙarfen, don faɗin idon kyamarar har su yake kamawa.

Sai fitilar hagu ta sulale. Notina. Ta juya can gefe, tana haska inda ba a aike ta ba.

A kusurwar allon akwai mutane. Suna zaune a jere cikin laka, sun juya baya. Auta bai gan su ba, shi raga yake kallo. Kyamarar ce ta gani, da ni.

Na ƙarshensu ya ɗaga hannu ya kare fuska.

"Baba," na ce a hankali, "zo ka gani."

"Ba na kallo. Ja yaron nan."

Wani dogon hannu ya shigo daga gefe. Fari fat, fatar duk ta jiƙe ta yamutse. Bai fizga ba. A hankali ya kama fitilar ya juya ta, kamar mai barcin da haske ya dama. Ya kashe ta.

Igiya ta motsa a hannuna. Sau ɗaya. Lafiya.

Na duba allo. Yatsun Auta biyu suna nan a kan ƙarfe, ba su gusa ba.

To wa ya ja?

Na fara ja. Igiyar ta ƙi, kamar an ɗaure ta a gindin bishiya. Baba ya kama, muka ja tare, jirgi ya karkata har ruwa ya shigo. Tafina ya tsage. Minti goma sha shida sun tafi.

Fitilar dama ta mutu.

Allo ya yi baƙi. Sai ƙarar numfashinsa kawai, sama-sama.

"Auta! Auta, don Allah!" Ina ihu a kan ruwa kamar zai ji. Me zan gaya wa Inna? In ce noti ne?

Kumfar ta fara raguwa.

Baba ya raɗa min: "Haske ne ba sa so. Ba su wani hasken su bi."

Akwai fitila ta uku a jaka. Na kunna ta, na ɗaura a zaren ƙugiyar Baba, na wurga ta nesa, can ɗaya gefen.

Ta nitse tana haske.

Shiru.

Sai igiya ta saki.

Muka ja. Muka ja. Can ƙasa na ga hasken yana lilo, sannan ɗif.

Kan Auta ya fito. Muka tumɓuko shi cikin jirgi, Baba ya kama tuƙi ba waiwaye. Wani abu ya ƙwanƙwasa ƙasan jirgin. Sau uku.

Auta ya amayar da ruwa, ya buɗe ido. Bai tambayi kyamara ba. Ya daɗe yana kallona, sai ya ce, "Yaya, haske ya yi yawa." Alhali magariba ta rufa.

Ya bar nutso daga ranar. Ni ma na bar taɓa noti.

Shekaranjiya na ba da labarin nan a shagon mai aski, na rufe da cewa alhamdu lillahi, Auta ya warke sarai, yana cin abinci kamar gara, har ya fi ni surutu.

Mai aski ya kashe injinsa.

"Ƙarya kake yi, wallahi. Jiya da hantsi ya zo nan. Bai ce min uffan ba. Ina cikin yi masa aski ya miƙa hannu a hankali, ya juya fitilar madubina ta kalli bango." Ya nuna min kujerar da nake kai. "Kuma tashi ka taɓa inda ya zauna. Har yanzu bai bushe ba."