Jet ɗin Silo a Aljihun Baba

Sufeto bai ko zauna ba aka shigo da tsohon. Wani ɗan ƙwalisa mai farin takalmi ne ya riƙo wuyan rigarsa, wata mata tana biye da su idonta jawur.

"Yallaɓai, ga ɓarawon! Motar marigayi yayana muka kai masa gyara, jiya da rana ta yi ƙafa. Makulli kuwa a hannunsa yake."

Matar ita ce mai motar, mijinta ya rasu bara ya bar mata. Tsohuwar mota ce mai kafireto, kuma a duk garin tsohon nan ne gwanin irinta, shi ya sa ake ce masa Baba Kafireto. Shekara arba'in yana sana'a ba a taɓa cewa ya ɗauki ko noti ba. In motar ba ta fito ba, gobe yana gaban alƙali.

"Baba, kana ina aka ɗauke ta?" in ji Sufeto.

"Na tafi cin abinci, ranka ya daɗe. Amma wanda ya ɗauke ta bai yi nisa ba."

"Kai ka gaya masa inda zai tsaya?"

Tsohon ya zaro wani tsumma daga aljihu ya warware. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne ruwan tagulla, bai kai ɗan yatsa ba.

"Wannan shi ne jet ɗin silo. Shi ke ba injin fetur in an ɗage ƙafa daga totur. Ya toshe, na cire zan wanke. Ba na barin irinsa a tire, ɓata yake yi. Babu shi, da ka saki totur za ta mutu."

Sufeto ba ya gane komai a mota sai sitiyari, amma yana gane fuskar mai gaskiya. Ya ce Saje ya ba tsohon kujera, ba benci ba.

A bakin garejin akwai mai faci, yana ta fama da wata taya.

"Na ji fitarta, yallaɓai, ban dai ga direba ba. Ihu take kamar ana yanka ta. A kwanar can ta mutu sau uku."

"Baba ne ke tuƙi?"

Mai faci ya tuntsire da dariya. "Baba? Ai ko tari mota ta yi sai ya tsaya ya tambaye ta lafiya."

Daga nan Sufeto ya bi layin masu kayan gyara shago shago, yana tambaya ɗaya: wa ya nemi jet ɗin silo tun jiya? A shago na biyar aka dace. Wani bakanike daga bayan injin katako ya zo nema da safe, aka ce masa an daina kawowa.

Da Sufeto ya isa rumfar bakaniken, motar na can an lulluɓe ta da tamfol, bakaniken ya yi zufa sharkaf.

"Yallaɓai, na ɗaure sukurun, na kwance, na busa, ta ƙi! Mai ita ya ce ƙarfe huɗu zai dawo."

Sufeto ya aika aka kawo Baba da matar, suka zauna a bayan rumfar. Huɗu da kwata sai ga farin takalmi yana tsallake kwatami.

"Ta tashi kuwa? Mai saye yana jira..." Ya yi arba da Sufeto, sauran maganar ta maƙale.

"Ka ce makulli yana hannun Baba," in ji Sufeto.

"Ni ma nemanta na zo yi, yallaɓai."

Saje ya laluba aljihunsa ya fito da makulli na biyu. Nan ɗan ƙwalisar ya fara bayani.

"Na ɗauka ne a ɗakin Yaya ranar da ya rasu. Motar gidanmu ce, don me za ta zama tata? Na ga in ta ɓata a gareji, tsohon za a kama."

Matar ba ta ko dube shi ba. Gaban Baba ta je ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Ina tsaye aka ja ka a titi ban ce uffan ba."

"Tashi, 'yata. Bari in ƙarasa aikina."

Ya mayar da jet ɗin, ya ɗaure sukurun iska har ya zauna a hankali, ya kwance zagaye ɗaya da rabi. Ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi, sannan ya kara kunne yana juya sukudireba kaɗan kaɗan. Girgizar ta ragu, ta ɗauke. Motar ta tsaya da kanta tana numfashi lumui.

Matar ta dafa bonet ɗin, hawaye na zuba. "Haka take yi in maigidana ya dawo daga aiki. Tun daga ɗaki nake gane shi."

Saura ƙiris Sufeto ya kwanar da wannan bawan Allah a bayan kanta, ya gode wa Allah da ya tsaya ya saurara. Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, duk baƙin man da ke jiki.

"Baba, kai ka yi binciken nan. Na gode."

Saje ya ɗaura wa ƙanin mijin ankwa, ya dubi motar. "Yallaɓai, a ciki za mu kai shi?"

"A'a," in ji Sufeto. "Ya hau ta na ƙarshe jiya. Taka masa a ƙasa."