Wa Zai Duba Mini Tumelo?

Tun daga yadda aka shigo da shi ɗakin ziyara Puleng ta san ba lafiya ba. Tumelo, ƙaninta, wanda ko ranar da aka yanke masa hukunci sai da ya ƙaƙalo murmushi don kada ta faɗi, yau ga shi yana jan ƙafa cikin kayan fursuna masu ruwan lemo, wuya ya yi tsawo, idanu sun zurma, yawu na bin gefen bakinsa bai ma sani ba. Ya zauna a bayan gilashin da ya raba su, ya ɗauki wayar da ake magana da ita.

"Tumelo! Kai ne kuwa? Me suka yi maka?"

"Allura ce, Ausi," ya ce, don haka yake kiran yayarsa tun yana tatata. "In ka ɗaga murya ka ce ba ka yi ba, sai su danne ka su soka maka, ka wuni kamar buhun masara." Ya daɗe yana kallonta. "Ki ba wani takalmana. Kuma ki daina wahalar da kanki kina zuwa... Na gaji, Ausi. Wallahi na gaji. Ki yafe mini."

Puleng ta miƙe zumbur. Ta manna tafinta a jikin gilashin tana cewa, "Yafe maka me? Kada ka sake faɗin haka! Ka dube ni, Tumelo, ni kaɗai za ka bari?" Kafin ya amsa mai gadi ya dafa kafaɗarsa, aka wuce da shi bai ko waiwayo ba.

Wayyo maraici! Ciwon huhun da mahaifinsu ya kwaso a ramin zinare ne ya kai shi kushewa, mahaifiyarsu ta bi shi kafin a cire baƙin kaya. Ƙanin uban nasu, Baffa Mokhele, ya zo da kuka da hawaye ya ce shi ne ubansu yanzu, ya tattara gida da garken tumaki ya danne, ya mai da Tumelo makiyayinsa. Puleng kuwa ta koma garin Botshabelo tana soya fanke a tashar mota. Ana nan sai aka shiga wata gona aka kore tumaki, aka kashe mai gadin gonar. Da 'yan sanda suka biyo sawu har ƙauyensu, sai ga fatun tumakin a bukkar Tumelo. Kowa ya san halin Kananelo, ɗan Baffa, kowa kuma ya san Tumelo ko kaza ba ya iya yankawa. Amma Baffa Mokhele ya dafa Littafi Mai Tsarki a gaban kotu ya rantse cewa da idonsa ya ga Tumelo ya dawo da jini a riga. Aka ɗaure yaro shekara ashirin, aka kai shi kurkukun nan da gwamnati ta damƙa wa wani kamfani yana gudanarwa.

Ranar nan ta ziyara Puleng ba ta koma gida ba sai da ta nace aka kai ta gaban manajan kurkukun, wani mai suna Olivier. Ta zube a kan gwiwoyinta, ta kira shi Ntate, wato baba a harshensu.

"Ntate, ka dubi girman Allah! Ƙanina sallama ya yi da ni. Ku sa masa ido, ku kira masa likita, kada ku bar shi shi kaɗai."

Manaja ya dubi agogonsa. "Duk haka suke cewa, don a lallashe su. Mai gadi ɗaya gare ni a kowane ɓangare, kina so in ɗauko masa mai raino ne? Nan ba gidan marayu ba ne."

"Ai kuwa maraya ne, Ntate..."

"Sai ki kai kukanki wurin gwamnati. Su suka ɗaure shi."

Ta kai. Jami'in da gwamnati ta ajiye a cikin kurkukun don ya sa wa kamfanin ido ya saurare ta yana kurɓar shayi, ya ce shi kwangila aka turo shi dubawa, ba ciwon zuciya ba. A babban ofishi na cikin gari aka ce mata wannan gida na kamfani ne, ta koma can. Ta koma, aka ce na gwamnati ne. Haka aka yi ta gara ta kamar ƙwallo, har takalminta ya tsinke a hanya, ba wanda ya ce mata ko sannu.

Da ta rasa tudun dafawa sai ta nufi ƙauye, ta tarar da Baffa Mokhele a ƙofar gidan ubanta, ya lulluɓa da sabon bargo yana cin tuwon masara da naman tunkiya.

"Baffa, jininka ne fa. Ka je ka faɗi gaskiya tun bai hallaka kansa ba."

Ya lashe yatsa ya yi dariya. "Au, har ya fara wasan kwaikwayo? Ki ce masa ya yi sauri, ya rage wa gwamnati ciyarwa. Ke kuma, 'yar'uwar mai kisa, tashi ki ba ni wuri kafin in sako miki karnuka!"

Sunan nan ya bi ta har tasha. Masu sayen fankenta suka riƙa tsallake ta, saurayin da ya yi alkawarin kawo shanun aure ya aiko cewa danginsa ba sa son irin jinin. A coci ma benci guda ake bar mata. Ta kan durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, Kai ne uban marayu. Ban roƙe Ka arziki ba, ban roƙe Ka miji ba. Tunda mutane sun ƙi, Kai Ka duba mini Tumelo..." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Da ta sake zuwa ziyara aka ce an hana, wai Tumelo ya ƙi cin abinci, an hukunta shi da ɗakin kaɗaici. Ɗakin kaɗaici! Mutumin da ta roƙa kada a bar shi shi kaɗai, shi aka kulle inda ba mai jin ko tarinsa. Ta yi ta zarya ana koro ta, har ranar da wani mai gadi ya ce mata ba tare da ya dube ta ba, "Yana asibiti. Santsi ya kwashe shi a banɗaki."

Ta same shi kwance, an ɗaure ƙafarsa da sarƙa a jikin gado, kamar mai iya tashi. Idanunsa a buɗe amma ba ya gane kowa. Da ta janye mayafin da aka ja masa har haɓa, ta ga shatin da ke wuyansa, sai ta ƙwalla ƙara ta zube. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗago ta tana raɗa mata, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Wannan ba faɗuwa ba ce. Kuma da an kawo shi da wuri, da bai kai haka ba."

Daga ranar Puleng ta bar suya. Ta ji ana cewa akwai wata tsohuwar alƙaliya da ke zagaya gidajen yari tana bincike, kuma za ta zo, amma ba wanda ya san yaushe. Sai ta tare a bakin ƙofar kurkukun, kullum tana can cikin sanyin hunturu, leɓɓanta sun tsage, masu gadi na mata ba'a suna cewa, "Ga matar manaja ta iso!" Ta ga an kawo fenti ana shafe bango, ta ga an shigo da sababbin barguna, ta san ranar ta kusa. Da baƙar motar alƙaliyar ta tunkaro ƙofa, Puleng ta ruga ta kwanta a gabanta. Birki ya yi ƙara, masu gadi suka yo kanta.

"Ku ƙyale ta!" in ji tsohuwar, ta fito tana dogara sanda. "'Yata, me ya yi zafi haka?"

"Mme, uwata, na roƙe su! Na durƙusa na roƙe su su duba mini ƙanina, suka kulle shi shi kaɗai... Yanzu sun ce santsi ne."

Alƙaliya ta kama hannunta ta shiga da ita. Manaja Olivier ya tarbe su da fara'a, fursunoni sun yi sahu cikin sababbin kaya. Tsohuwar ta ce a kai ta ɗakin kaɗaici, ta tsaya a ƙofarsa ta tambaya, "Wa ya fara ganinsa?"

"Mai gadinmu ne, nan take kuma aka..."

"Ƙarya ne!"

Muryar daga cikin sahun fursunoni ta fito. Puleng ta waiwaya. Kananelo ne, ɗan Baffa! Ashe an kama shi da laifin ƙwacen mota, ƙaddara ta jefo shi gidan nan, aka ba shi aikin raba abinci. Ya fito hawaye na zuba.

"Ni na gan shi, Mme. Da rana tsaka na kawo masa abinci, na leƙa na gan shi a rataye. Na yi ta dukan ƙofa ina ihu har muryata ta dushe, babu mai gadi ko ɗaya a ɓangaren, an tura shi wani wuri. Da masu gadi suka zo, manaja ya ce duk wanda ya buɗe baki zai sha allura." Ya juyo ya faɗi a gaban Puleng. "Ausi, tun ranar ban runtsa ba, fuskarsa nake gani. Ni na kashe mai gadin gonar nan! Babana ne ya kai fatun bukkar Tumelo. Tumelo bai san komai ba... bai taɓa sanin komai ba!"

Puleng ta fashe da kuka.

Gaskiya ta yi halinta. Aka sake buɗe shari'a, aka wanke Tumelo. Baffa Mokhele, da aka zo tafiya da shi, ya riƙa kiran Puleng "'yata" yana roƙon ta sa baki, mutanen ƙauye na masa ature har mota. Aka ɗaure shi kan rantsuwar ƙarya da ɓoye mai kisa, gida da tumaki suka dawo hannun masu su. Manaja ya gurfana a gaban kotu, aka kori jami'in nan mai shayi, gwamnati ta karɓe kurkukun daga hannun kamfani, aka kuma hana kulle duk wanda ake tsoron zai cutar da kansa shi kaɗai.

Amma Tumelon da aka dawo wa Puleng da shi ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi, likitoci sun ce sai dai a yi ta addu'a. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi kunu a baki, tana masa hira ko da ba ya amsawa. Waɗanda suka guje ta suka dawo da gaisuwa da kwanon abinci, ta karɓa kawai.

Wata safiya, bayan damina ta sauka, ta gyara masa shimfiɗa ta juya za ta fita, ta kama ƙofa za ta ja saboda iska. Sai ta ji wani sauti a bayanta, a daƙile, kamar daga cikin rijiya.

"Au... si..."

Kwanon hannunta ya suɓuce. Ta juyo, ta ga idanunsa a kanta, sun gane ta.

"Kar... ki... rufe."

Puleng ta wangale ƙofar har ta bugi bango, ta dawo ta rungume kansa tana kuka tana dariya. "Ba zan rufe ba, ɗan'uwana. Na rantse da Wanda ya dawo mini da kai, ba mai sake rufe ka!"