Fuskar Binta a Takardar Ƙosai

Mu'mina tana bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarta tana tsince shinkafa aka shigo da ƙosan karyawa. Tun rasuwar 'yarta Binta take nan gidansu a unguwar Lamisula. Zaman makoki ya kawo ta, makoki ya watse, amma ba a bar ta ta koma ɗakin mijinta ba.

"Ke, ajiye wannan ki zo ki ci," in ji Ya Zainaba, mahaifiyarta. "Kin bushe kamar ba a ɗora tukunya a gidan nan."

Ta warware ƙunshin. Mu'mina ta miƙa hannu ke nan idonta ya sauka a kan takardar da aka naɗo ƙosan. Zane ne mai kala, mai ya jiƙe shi. Wata 'yar yarinya ce riƙe da moɗa. Sai dai fuskar ta rabu biyu, ido a kan ido, baki a ƙarƙashin baki, jan rigar kuma ya zame daga jikinta ya hau wuyanta kamar an yanka ta. Duk da haka uwa ba ta ɓata 'yarta. Ga wushiryar nan. Ga ɗan tabon goshin da ta samu ranar da ta faɗo daga kan turmi.

"Binta! Wayyo Allah, Binta ce!"

Tiren shinkafar ya kife. Ya Zainaba ta fisgi takardar, ƙosai ya watse a tabarma. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juyo. Babu hawaye a idonta.

"To, kin gani da idonki. Ga mijin da kika zaɓa. Ruwa ya kashe masa 'ya, ya ɗauki fuskarta ya sayar wa masu tuya."

"Ya, ba haka ba ne—"

"Rufe mini baki! Yanzu haka mashaya suna can suna share hannu da jikata!"

Mikail, mijin Mu'mina, mai zanen komik ne, irin littafin nan da ake ba da labari da hotuna, magana tana fitowa daga bakin mutane a cikin 'yan da'irori. Tun farko Ya Zainaba ba ta so shi ba. Mai zanen 'yan tsana take kiransa. Da ruwa ya ci gari, ɗakin da suke haya a Bulabulin ya cika har taga. Sun tsira, amma bayan janyewar ruwan amai da gudawa ya kama Binta, ta tafi kafin su gama fahimtar abin da ke faruwa. Daga ranar Ya Zainaba ta ɗora masa gawar a wuya. Ya zo biko, an ce tana barci. Ya turo kawunsa, an bar tsohon a zaure har ya gaji ya tafi.

Cikin wannan hali wata ƙungiya ta ba shi aikin komik da za a raba wa yara a makarantu, a koya musu tafasa ruwan sha. Ya kira Mu'mina a waya ya ce yana so ya zana Binta, ko Allah zai sa wata uwar ta tsira daga abin da ya same su. Ta yi kuka ta ce ya zana. Don neman shiri da surukai kuma, sai ya kai aikin ɗab'in shagon mahaifinta, Baba Ajimi, a Mafoni. Baba ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita, shagon yana hannun Taufiq, yayan Mu'mina.

Da la'asar aka aika aka kira Mikail. Mu'mina tana bayan labule tana jin komai. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Baba Ajimi da ke kishingiɗe a kan darduma, ya juya ya gaida surukarsa da yarensu, "Wushe, Ya."

Amsar da ya samu takardar ce aka jefa masa a fuska.

Ya ɗauka ya buɗe. Ya ɗago ya dubi Taufiq da ke tsaye jikin bango yana danna waya.

"Yaya Taufiq, ba cewa na yi a ƙona su ba?"

"A ƙona? Kai ka saya mini takardar?"

"Na gaya maka tun kafin a fara. Na ce takardar nan ta sha laimar ambaliya a sito, ga ta nan duk ta lanƙwashe. Ka ce za ta yi. Aka buga shuɗi, wuta ta ɗauke, aka bar ta a buɗe ta kwana tana shan iska. Da aka zo hawa ja ta riga ta kumbura, ta yaya kala za ta zauna a kan kala? Na tsaya a bakin injin ina roƙonka ka tsayar, ka ce janareta yana shan mai."

Mu'mina ta san gaskiya yake faɗa. A shagon nan ta girma. Injin Baba kala ɗaya yake bugawa a tashi ɗaya, kowace kala da farantinta na ƙarfe. Takarda takan shiga ta fito, ta sake shiga ta fito, shuɗi, ja, rawaya, sannan baƙi ya zo ya fitar da ido da baki. In ta goce ko da kaurin gashi ne, fuska ta lalace. Ta kuma san inda takardun da suka lalace suke zuwa. A kan ɗaure su dami-dami a sayar wa masu ƙosai da masu soya kifi. Wadda ke hannun Mikail ko yanka gefenta ba a yi ba, daga bayan shagonsu ta fito. Kowa a tsakar gidan nan ya san haka.

"To injiniya, mun ji," in ji Taufiq yana dariya. "Na sake buga maka a sabuwar takarda ko ban sake ba? Na sake. Sharar kuma tawa ce. Tun ina yaro haka ake yi, fastocin 'yan siyasa ma wajen masu ƙosai suke ƙarewa. Taka ce ta fi ta kowa?"

"'Yar ƙanwarka ce, Yaya."

"Takarda ce, malam, ba gawa ba. Gawar ai ka riga ka kai ta."

Mu'mina ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Ya Zainaba ta matso har inuwarta ta rufe shi. "Da ba ka zana ta ba, wa zai sayar? Mutumin kirki in 'yarsa ta mutu addu'a yake mata. Kai ka zauna kana mata kwalliya da biro! Ga takarda nan a hannunka, juya bayanta ka rubuta wa 'yata saki. Ai ka iya rubutu."

"Ya, ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba? Me ka taɓa iyawa? Ka iya kama ɗaki a kan tudu? Ka iya kai yarinya asibiti da wuri?"

Mikail ya sunkuyar da kai. Ya dubi Baba Ajimi, tsohon ya kawar da fuska yana jan carbi. Ya dubi labulen. Mu'mina ta ga idonsa ta 'yar kafa, ta san jiranta yake ta ce ko da kalma ɗaya. Tsoron uwa ya riƙe ta, ta yi shiru. Mikail ya ninke takardar mai maiƙo a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya yi sallama. Babu wanda ya amsa.

Kwanaki suka shuɗe, bai kira ba. Ita ma kunyar shirun da ta yi ta hana ta kiransa.

Wata safiya aka aike ta wajen Maman Pindar, mai tuyar bakin layi. Tana ganin Mu'mina ta ajiye matsamin ta kama hannunta.

"'Yata, ki yafe mini. Wallahi ban duba ba. Dami nake saya, in yaga in naɗe, ido yana kan kasko. Sai da mijinki ya zo."

"Ya zo nan?"

"Da buhu a kafaɗa! Ya kawo mini farar takarda mai tsabta ya ce mu yi musanya. Na ce ɗauki kawai ɗana, ni ma na binne nawa. Amma ba kowa ne ya ji tausayinsa ba. Masu kifin can zaginsa suka yi. Yara kuma sun sa shi gaba, wai mahaukacin takarda."

Ranar Mu'mina ba ta iya cin komai ba.

Da yamma Taufiq ya shigo yana ƙyalƙyala dariya tun daga zaure.

"Ya! Ya, zo ki ga fim! Wallahi surukinki ya zama tauraro, kowa sai turawa yake!"

Ya miƙa wayar. Mu'mina ta leƙa ta kafaɗar uwarta. Mikail ne a gefen titi, ya tattare wando, ya shiga kwata har gwiwa. Yana miƙa hannu cikin baƙin ruwa yana ciro wata takarda da ta manne a jikin leda. Ya fito da ita, ya goge ta a rigarsa, ya sa a buhu. Ana jin muryar samari suna ihu, "Oga, ga wata can! Nutsa!" Wani ya dunƙule wata ya jefa tsakiyar kwatar da gangan. Mikail bai ko dube shi ba, ya bi ta.

"Kin gani?" in ji Ya Zainaba tana tafa hannu. "Ko alƙali ya ga wannan ya raba auren. Taɓin hankali ne!"

"Ba ni wayar nan."

Baba Ajimi ne ya yi magana. Taufiq ya kai masa wayar yana murmushi. Tsohon ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita masa. Sannan ya ajiye ta a kan darduma.

"Taufiq, wanda yake ɗauka, na ji muryarsa. Mai yankan takardar shagona ne."

"Baba, wasa ne kawai—"

"Shekarun da na yi a bakin injin nan, na ɓata aiki ba iyaka. Na yanke kan mutane a hoto, na juya shafi ƙasa a sama, na manta da baƙi gaba ɗaya. Ban taɓa ɓata wa mutum aiki na koma ina masa dariya ba." Ya juya. "Mu'mina."

"Na'am, Baba."

Ta riga ta zura hijabinta. Ita kanta ba ta san lokacin da ta ɗauko shi ba.

Ya Zainaba ta tare ƙofa. "In kika taka zauren nan, kada ki sake kira na uwa. Ki je ya kashe miki wani!"

Maganar ta shige ta kamar wuƙa. Ta tsaya, hawaye yana zuba, ta durƙusa a gaban uwarta.

"Ya, ki yafe mini. Kullum cewa kike ba ya son Binta. Cikinmu nan wa ya shiga kwata saboda ita?"

"Ni na ba shi aurenki," in ji Baba Ajimi, "ban kuma karɓe ba. Zainaba, ba ta hanya."

Keke napep ya sauke ta a Mafoni rana tana shirin faɗuwa. Ba ta sha wuyar nemansa ba, duk wanda ta tambaya mai buhu sai ya yi dariya ya nuna mata gaba. Ta same shi tsugune a bayan rumfar wata mai kifi yana tona shara da kara. Ya rame, rigarsa ta yi baƙi.

"Abban Binta."

Tun ranar jana'iza ba wanda ya kira shi da wannan sunan. Ya ɗago a hankali.

"Me ya fito da ke? Koma, kada a gan ki tare da ni. Ina wari."

"Kawo buhun."

"Mu'mina, ba za su taru ba. An ce wani dami ya bi mota ya bar gari. Na sani sarai. Na dai kasa zama ne ina ji a raina ana taka ta."

"Na ji. Kawo bakin buhun in riƙe maka."

Wani saurayi ya ɗaga waya daga tsallaken titi yana cewa, "Kai, yau mahaukatan sun zama biyu!" Mu'mina ta tattare hijabinta, ta tsuguna kusa da mijinta, ta sa hannu cikin sharar.

Sun yi ta bi, layi bayan layi, har abin da ake samu ya ƙare. Abin da suka tara suka ƙona a bayan sabon ɗakin da Mikail ya kama, suka haƙa rami suka rufe tokar, suka yi wa 'yarsu addu'a. Ya Zainaba ba ta taka gidan ba, in Mu'mina ta je gaisuwa bango ne yake amsa mata. Taufiq kuwa har yau yana ba da labarin a majalisa ana dariya. Mu'mina takan je duk da haka, ta durƙusa, ta gaishe su, ta koma ɗakinta inda ake jiranta.

'Yan'uwa, inji yakan yi kuskure, takarda takan goce, babu mai sana'ar da ya fi ƙarfin wannan. Inji bai san fuskar kowa ba. Mutum ne yake ɗaukar kuskuren ya soki ɗan'uwansa da shi a inda ya san akwai ciwo. In kun ga wanda aka yi wa rashi yana wani abu da ya yi muku kama da hauka, kada ku yi dariya. Ku taya shi, ko ku wuce ku ba shi wuri. Mikail bai rama zagi ko ɗaya ba, haƙurinsa kuma bai dawo masa da 'yarsa ba. Ya dai dawo masa da matarsa.