Gwangwanin Baba Boukari

Da sunan Allah muke farawa. Ku matso kusa, yara, ku ji labarin wani yaro da ya yi niyyar gyara.

A Zangon Kumasi yaron yake, shekara biyu kafin ƙasar ta sami 'yancin kanta. Shekararsa goma. Mahaifiyarsa, Mma Habsatu, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Mahaifinsa kuwa fataucin goro yake yi, yakan yi wata biyu bai kwana gida ba.

A bayan unguwarsu majalisar gari ta kewaye wani fili da waya, ta mai da shi wurin wasan yara. An kafa lilo biyu. A tsakiya aka gina ɗan tafki na siminti, wanda ruwansa bai wuce ƙugun yaro ba.

Mai kula da wurin wani dattijo ne Bazabarme, ana kiransa Baba Boukari. Kullum da usur rataye a wuyansa. Bayan la'asar yake busawa, sai yara su sheƙo da gudu. Kowace safiya kuma yakan buɗe wani gwangwani, ya ɗebi farin gari ludayi biyu, ya barbaɗa a ruwan. Garin yana da wari mai shiga hanci.

Sau biyu a wata majalisa takan aiko mai duba tsabta. Mutanen Zango suna kiransa Tankas. Idan ya ga wurin da kyau, ya wuce. Idan ya ga akasin haka, yana da ikon rufewa.

Wata Laraba yaron yana makaranta gaban Malam Rafi'u. Karatun ranar a kan ruwan alwala ne.

Malam ya ce, "Ruwa yana da siffa uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan wani abu ya shiga ruwa har ya jirkita ɗaya daga cikinsu, ba a yin alwala da shi. Kun ji?"

Yara suka ce, "Mun ji, Malam."

Daidai nan usur ɗin Baba Boukari ya yi ƙara daga nesa. Ƙafafun yaron suka fara motsi. Ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, zan kewaya."

"Je ka dawo."

Bai dawo ba.

Ya tuɓe riga ya faɗa tafki. Da ya ɗago kansa, sai warin nan ya bugi hancinsa. Kullum yana jinsa, amma yau ya ji shi da wani kunne daban. Ya ɗiba a tafin hannu ya lasa. Ɗanɗanon ma ba irin na ruwan famfo ba ne.

Ya fito ya sami dattijon a gindin mangwaro.

"Baba, me ya sa ruwan nan yake wari?"

"Maganin majalisa ne."

"Maganin me? Ruwan ba shi da lafiya ne?"

Baba Boukari ya sosa gemu. "Jikana, ni dai an ce in zuba ludayi biyu, ina zuba ludayi biyu. Koma wasanka, ka bar ni in huta."

Yaron ya tafi gida kansa a ɗaure. Malam ya ce ruwan da warinsa ya jirkita ya ɓaci. Malam ba ya ƙarya. Baba Boukari mutumin kirki ne, sahun gaba yake salla. To, don me mutumin kirki zai riƙa ɓata ruwa da hannunsa kowace safiya? Ya juya maganar, ya sake juyawa. Daga ƙarshe ya yanke cewa dattijon bai sani ba ne, majalisa ma ba ta yi karatun ba. Shi kuwa ya yi.

Washegari Alhamis, babu makaranta. Da hantsi ya je filin. Baba Boukari yana can ƙarshen waya yana sharar ganye, ƙofar ɗakin kaya a buɗe. Yaron ya shiga, ya rungumi gwangwanin, ya fice.

A ɗakin mahaifinsa akwai kwandunan goro da ba kome a ciki. Ya sa gwangwanin a ɗaya. Murfin bai kama sosai ba, garin ya ɗan zube. Ya jawo wani zanen mahaifiyarsa, baƙin rini, wanda aka shanya bai gama bushewa ba, ya lulluɓe kwandon da shi.

Ya ce a ransa, "Yanzu ruwa zai tsarkaka."

Kwana biyu na farko ya yi murna. Warin ya tafi. Sai dai yakan ga Baba Boukari yana leƙa ƙarƙashin benci, yana ɗaga buhu, yana magana shi kaɗai.

A kwana na huɗu bangon tafkin ya fara santsi. A na shida ruwan ya yi kore. A na bakwai wani sabon wari ya taso, irin na kwata.

Yaron ya tsaya a baki yana kallo. Da can siffa biyu ce ta jirkita. Yanzu da ya gyara, duk ukun sun tafi. Ya ce ko sauran maganin ne yake fita daga siminti. Ya ce ko wani ne yake zuba wani abu a ɓoye. Ko ɗaya bai zauna masa ba.

Ajara, 'yar maƙwabtansu, ta wayi gari idanunta ja wur, suna ruwa. Wasu yara biyu ma haka.

Ranar Juma'a da safe Tankas ya iso a kan kekensa, da gajeren wando da doguwar safa. Mutumin Asante ne, amma ya iya Hausar Zango. Ya leƙa tafkin, ya toshe hanci.

"Papa Boukari, wannan ruwa ne ko miyan kontomire?"

Yaran da ke wurin suka yi dariya, don ruwan ya yi kama da miyar ganyen gwaza. Baba Boukari bai yi dariya ba.

"Ina magani?" in ji Tankas.

"Ranka ya daɗe, ya ɓace. Kwana takwas ina nema."

"Kwana takwas, ba ka zo ofis ka faɗa ba?"

"Na ji tsoro a ce na sayar."

"To, yanzu me za a ce?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Allah ne shaidata, ban sayar ba."

Tankas ya kori yara, ya datse ƙofa da kwaɗo. Ya miƙa hannu, Baba Boukari ya cire usur daga wuyansa ya ba shi.

"Litinin majalisa za ta zauna. Zan kai rahoto. Ina jin aikin nan ya ƙare maka, Papa."

Yaron yana tsaye a bayan waya. Idan ya yi daidai, me ya sa dattijo zai rasa abincinsa? Idan kuma kuskure ya yi, to ina kuskuren yake, alhali da kunnensa ya ji Malam? Ranar ko ƙosai bai iya ci ba.

Asabar da hantsi Mma Habsatu ta fito daga ɗakin mahaifinsa, zane a hannu. Baƙin zanen ya yi fari dabbare-dabbare, kamar jikin zabuwa.

"Kai, zo nan. Kwana tara ina neman zanen nan. Me ya ci shi haka? Kuma gwangwanin wa ke cikin kwandon ubanka?"

Sai ya fashe da kuka. Ya faɗa mata kome, tun daga karatun Laraba har zuwa kwaɗon Tankas.

Ta zauna a kan turmi. Ta dubi zane, ta dubi ɗanta.

"Malam ne ya ce ka ɗauko?"

"A'a, Mma. Cewa ya yi ruwan ya ɓaci."

"Ruwan tafkin ya ambata?"

"Bai ambata ba. Amma ai ruwa ruwa ne."

Ta ce, "Ni dai ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ka sa kaina ya juya. Abin da na sani, kayan mutane ka ɗauka. Sa rigarka. Ɗauki gwangwanin a kanka, mu je wurin mai karatun."

Suka tarar da Malam Rafi'u a zaure. Ya saurara har ƙarshe bai katse su ba. Sa'an nan ya ce, "Maimaita mini abin da na karantar."

Yaron ya maimaita, bai bar kalma ɗaya ba.

"Madalla. Sai me na ce bayan haka?"

"Akwai saura, Malam?"

"Akwai. Amma mai kewayawa bai dawo ba."

Yaron ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Da me mahaifiyarka take dama koko?"

"Da ruwa."

"Launinsa ya jirkita?"

"Ya jirkita."

"Ɗanɗano fa? Ƙamshi fa?"

"Duk sun jirkita."

"To, koko najasa ne? Faɗi a gabanta mu ji."

Mma Habsatu ta ce, "Ya faɗa mana, in ga wanda zai ba shi karin kumallo gobe."

Malam ya yi murmushi. "Ga sauran karatun, ɗana. Idan ƙazanta ce ta jirkita ruwa, ba a ibada da shi, ba a kuma amfanin yau da kullum. Idan kuwa abu mai tsarki ne, kamar gari ko sabulu ko magani, ruwan yana nan da tsarkinsa. A yi wanki, a yi wasa a ciki. Alwala da wankan ibada kaɗai aka ce a nemi wani. Ka taɓa ganin wanda ya je tafkin nan yin alwala?"

"A'a, Malam. Famfo ake zuwa."

"To, ka gani. Hukuncin alwala ka ɗauka, ka kai shi inda ba a aike shi ba."

Yaron ya ji kamar an kwance masa igiya daga kai. Amma sai ya tuna da dattijon. "Malam, Baba Boukari fa?"

"Wannan ita ce tambayar kirki ta farko da ka yi. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya sani. Amma kyan niyya ba ya halatta ɗaukar amanar wani. Wanda aka cuta a gaban mutane, a gaban mutane ake wanke shi. Litinin zan raka ka."

Ranar Litinin da sassafe suka isa ofishin majalisa: Malam a gaba, Baba Boukari a tsakiya, yaron a baya da gwangwani a ka. Tankas yana shirin shiga taro da takarda a hannu.

Yaron ya sauke gwangwanin a gabansa. Ya faɗi gaskiya duka.

Tankas ya ƙare masa kallo. "Wato kai ka sata don ka tsabtace ruwa?"

"E, ranka ya daɗe."

"Shekara goma sha biyu ina aikin nan. Ban taɓa ganin ɓarawo irinka ba." Ya jawo wata kwalba daga teburinsa. Ruwan tafkin ne a ciki. "Duba."

Yaron ya duba. Wasu ƙananan abubuwa suna wutsil-wutsil.

"'Ya'yan sauro ke nan. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, su suka kama idon yaran nan. Yara hamsin suna shiga ruwa ɗaya. Wannan gari shi ke kashe cuta. Ka gane?"

"Yanzu na gane."

"Yoo, shi ke nan." Tankas ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ya ciro usur ya miƙa wa dattijon. "Papa, ka koma aiki. Amma ko tsintsiya ta ɓace, ka zo ka faɗa ranar. Kai kuma, ƙaramin malam, za a zubar da ruwan. Kai za ka goge bangon nan da buroshi har ya yi fari. Mako biyu ba ka shiga."

Yaron ya durƙusa gaban Baba Boukari. "Baba, ka yafe mini."

Dattijon ya ɗago shi. "Na yafe, jikana. Ni ma ranar da ka tambaye ni, da na san amsa da ban kore ka ba. Yau na koya tare da kai."

Kwana uku yaron yana gurzar siminti, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya je ya gai da Ajara, wadda idonta ya warke bayan an kai ta asibiti. Aka cika tafki da sabon ruwa. Baba Boukari ya barbaɗa ludayi biyu.

Bayan mako biyu, wata Laraba, suna tsakiyar karatu sai usur ya yi ƙara. Duk yara suka waiwayi yaron. Malam Rafi'u ma ya dube shi ta saman tabarau.

Yaron ya ɗaga hannu.

"Za ka kewaya ne?" in ji Malam.

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Tambaya zan yi. Akwai saura?"

"Akwai, ɗana."

Ya gyara zama. Sai da aka shafa fatiha ya tafi, kuma ya tarar da tafkin yana jiransa.

To, yara, ga abin da za ku riƙe. Ku zauna har karatu ya ƙare. Idan wani abu ya ɗaure muku kai, ku tambayi wanda ya sani kafin ku sa hannu. Kayan da aka ajiye don amfanin jama'a kuwa amana ne, kada ku taɓa su ba da izini ba, ko da kuna ganin gyara za ku yi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu aiki da shi a inda ya dace. Amin.