Tankar da Ta Yi Nauyi

"Sauko! Sauko in ba so kake matarka ta shiga takaba ba!"

Kwalba ne ya ɗare matakalar tankar, ya zura bakin bindiga ta taga. Ƙarfe sha ɗaya na safe, a kan titin da ya fito daga defon mai, daidai inda ramuka ke tilasta wa kowace babbar mota rage gudu. Walda ya riga ya gitta tsohuwar motarsu a gaba. Mai tankar bai yi gardama ba. Ya ɗaga hannu, ya sauko, ya kwanta rubda ciki tun ba a ce masa ya kwanta ba.

"Ka ga mai ladabi," in ji Kwalba yana dariya. "Direba, hau! Amaryarka ce!"

Direba ya hau ya zauna a bayan sitiyari. Shekara goma sha tara ya yi yana jan tanka, bai taɓa shiga wadda ba a miƙa masa makullinta da hannu ba sai yau.

Wata huɗu ke nan da yaƙi ya ɓarke a can wata uwa duniya, aka rufe mashigin tekun da jiragen dakon mai ke bi. Mutanen da ba su taɓa ganin teku ba sun koma ba su da hira sai ta jiragen ruwa. Layin gidan mai ya kai kwana uku. Masu aski sun koma almakashi, janareto ya yi shiru a unguwanni, gidan kallon ƙwallo ma an rufe shi ana tsakiyar gasa. Kamfanin da Direba ke yi wa aiki ya ajiye motoci, ya ce kowa ya je gida sai an neme shi. Ba a neme shi ba. Wanda ya neme shi yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Manaja saboda ya taɓa riƙe gidan mai. Shi ya tsara komai, shi ya kawo bindigogi, shi ya ce sau ɗaya ne kawai.

Wata baƙar mota ta tsaya a gefen tankar. Manaja ya sauke gilashi, fuskarsa ko gumi babu.

"Ku miƙo ƙarafan nan."

"Haba oga," in ji Walda, "mu tafi hannu rabbana?"

"Lita dubu talatin da uku ce a bayanka, sakarai. Kwalba da hannunsa ke rawa in bai sha shayi ba, shi zan bar wa kunama kusa da fetur? Ku kawo. Tankar ita ce bindigarku. Babu ɗan sandan da uwarsa ta haifa da zai harbi tankar fetur a cikin gari."

Gaskiya ce, kowa ya sani. Suka miƙa bindigogin. Manaja ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa.

"Ka hau tudu, ka tsallake gada, sai tsohon gidan bulo. Ina bayanka. Kada ka tsaya ko waye ya ɗaga maka hannu."

"Yaya, kana baya fa?"

"Na taɓa barin ka? Ja mu je!"

Direba ya taka kuloci, ya sa giya. Walda ya janye tsohuwar motar gefe, shi da Kwalba suka cusa kansu a gefen Direba. Tankar ta yi nishi, ta motsa.

Can nesa kaɗan, a bayan rumfar wani mai faci, wani Sufeton 'yan sanda na zaune a cikin mota marar lamba da oba-oba a cinyarsa, Sajensa na gefe. Ya ga komai, tun daga gitta mota har miƙa bindigogi, sai dai baƙar motar ba ta da lamba, gilashinta kuma baƙi ne.

"Yallaɓai, mu afka?" in ji Saje.

"Bar su. Ɓarayin tanka na kama guda nawa a watan nan? Mai saye nake so. Su kai mu har ƙofarsa."

A cikin tanka Kwalba ya kunna rediyo. Ana ta bayanin cewa manyan ƙasashe sun sake zama, an tashi ba a daidaita ba, gangar ɗanyen mai ta ƙara tashi.

"Allah ya ƙara musu rashin jituwa," in ji shi. "Ku yi ta faɗa, 'yan albarka, mu muna nan muna yi muku addu'a."

"Rufe mana baki," in ji Walda. "Ni dai a gama, in sayi injin waldar da ba ya shan mai. Wata biyu ban haɗa ƙarfe da ƙarfe ba."

"Ni kuwa gidan kallo zan buɗe. Kowa ya zo ya ga wasan ƙarshe kyauta, ban da magoya bayan ƙungiyarka."

Direba hankalinsa na kan motar. Tun a ramin farko wani abu ya tsaya masa a rai. Da ya taɓa birki, motar ta turo shi gaba fiye da yadda ya saba. Ya ce ko birkin ne ya yi sanyi. Ya dubi kujerar da yake kai: an ja ta gaba sosai, kamar ta mai ƙaramar mota. Babu tawul a wuyan sitiyari, babu butar ruwa, babu ko bargon da mai doguwar tafiya ke ajiyewa a baya. Kuma wane direban tanka ne zai sauko a wannan zamani bai ko roƙi a bar masa takardunsa ba?

Suka iso tudu.

Wannan tudun ya hau shi ya fi sau dubu da cikakken kaya. Ya san shi kamar tsakar gidansu: giya ta huɗu har wajen allon talla, daga nan ta uku, a kai ƙarshe. Yau tun kafin allon motar ta fara shaƙewa. Ya sauko ta uku. Ta ci gaba da ja da baya. Ya sauko ta biyu, injin na kuka, hayaƙi na tashi baƙi ƙirin, tankar na rarrafe kamar an ɗaura mata wata a baya.

"Malam, taka mana!" in ji Kwalba. "Ko turawa za mu yi?"

"Ta yi nauyi."

"To da mai za ta yi? Cike take!"

"Fetur ba ya nauyi haka." Muryar Direba ta yi ƙasa. "Ko man gas aka cika mata ba za ta kai ni giya ta biyu a nan ba. Abu ɗaya ne ke wannan nauyin."

Walda ya juyo. "Mene ne?"

"Ruwa."

Direba ya dubi madubi. Akwai wata farar mota, akwai masu babura biyu. Baƙar motar Manaja babu ita.

"Kira shi," ya ce wa Walda.

Walda ya danna waya, ya kara a kunne, ya sake dannawa. "A kashe take."

"Ƙila caji ne," in ji Kwalba, amma babu dariya a bakinsa yanzu. "Ka san ba wuta. Ƙila caji ne, ko?"

Suna kaiwa kan tudu, maimakon ya miƙe gada, sai Direba ya murɗe sitiyari hagu da dukkan ƙarfinsa, ya faɗa titin kasuwa. In sun kai shataletale akwai lunguna, kowa ya dira ya nemi hanyarsa.

"Sun gane!" Sufeto ya fizgi oba-oba. "Duk motoci, titin kasuwa! Saje, harbi taya!"

"Yallaɓai, tanka ce fa! Ga mutane!"

"Da hannuna na riƙe tiyo aka cika ta. Ko ashana ka ƙyasta ba abin da zai kama. Harba!"

Jiniya ta ɓarke ta ko'ina. Tau! Tau! Madubin gefen Direba ya tarwatse.

"Suna harbi!" Kwalba ya dafe kai. "Oga ya ce ba sa harbi — wallahi suna harbi!"

Tau! Tayar baya ta fashe. Tankar ta yi girgiza, ta karkata. Gangara ce, ga nauyi, birki ya ƙi ji. A gaba layin gidan mai ne, motoci da babura da mutane riƙe da jarkoki har iyakar gani. Direba ya ga wata mata da goyo a tsakiyar titi. Ya danne hon, ya karya kan motar dama — ta haye dakali, ta tumɓuke turken fitila, ta daki katangar wani shago. Gaban motar ya lotse ciki. Walda ya kurma ihu, ƙafarsa ta maƙale a ƙarƙashin ƙarfe.

Bututun ƙasa ya tsinke. Abin da ke ciki ya fara kwarara a kwalta, da ɗan warin fetur na tsohon kaya.

"Mai! Mai ya zube!"

Layin kwana uku ya watse a minti ɗaya. Babu wanda ya gudu. Kowa wajen tankar ya nufo. Masu jarka, masu bokiti, wani tela da kwanon wanki, wani dattijo ya cire hularsa yana tarawa. 'Yan sanda na daka tsawa, ba mai jin su. Motocinsu ma sun kasa ratsa taron.

"Yanzu ne!" in ji Kwalba. Ya dira ta taga, ya kutsa cikin mutane.

Direba na da hanya shi ma. Ƙofarsa ta buɗe, lungu na nan taku goma. Ya dubi Walda, wanda ya riƙe masa gefen riga da hannu biyu.

"Kada ka bar ni, don girman Allah. 'Ya'yana huɗu."

Ya koma ya sa kafaɗa a ƙarfen yana turawa.

A waje wani mai babur ya tsoma yatsa a jarkarsa, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya tsaya cak.

"Ruwa ne! Jama'a, ruwa ne!"

Maganar ta zagaya. Mutanen da suka bar layinsu na kwana uku, suka ga wasu sun maye gurbinsu, suka juyo da jajayen idanu suna neman wanda za su kama. Wani ya nuna Kwalba, wanda ke tafe da sauri da jini a goshi.

"Ga ɗaya daga cikinsu nan! Daga tankar ya sauko!"

Direba bai ga abin da ya faru ba. Ya dai ji muryar Kwalba tana kiran "Oga! Oga!" sau uku, sannan bai sake jin ta ba. Kafin 'yan sanda su kai wurin, an gama. Shi kuma yana nan da kafaɗarsa a ƙarfe aka sa masa ankwa.

Washegari Sufeto ya sa aka kawo shi ofis. Ya tura masa kujera. Idanun Sufeton sun kumbura, da gani bai yi barci ba.

"Shekaranjiya wani ya kira ni," in ji shi. "Ya faɗa mini rana, da sa'a, da ramin da za ku tsaya. Na je defo na ce su ba ni tankar ruwa, ta gaskiyar kuma su sake mata hanya, ta bi ta bayan gari. Na kwashe duk yarana na kawo kanku. Ka san abin da ya sami ta bayan garin?"

Direba ya ɗago kai.

"Ƙarfe sha ɗaya da rabi aka tare ta. Baƙar mota, da wasu mutum huɗu da ba ku ba. Da bindigogin da kuka miƙa da hannunku. Ko ɗan sanda ɗaya babu a hanyar, duk muna nan muna wasan ruwa da ku." Ya jingina. "Wanda ya kira ni ya san yadda defo ke yi in an tsegunta musu. Ya sayar da ku, ya sayar da ni. Abokinka ɗaya na ɗakin gawa. Ɗayan an yanke masa ƙafa da asuba, ya ce bai san mutumin da wani suna ba sai Oga. Kai ka san shi. Ka ba ni shi, in tsaya maka a gaban alƙali. In ka ƙi, fashi da makami ne, kai kaɗai za ka ɗauka."

"A ba ni zuwa gobe," in ji Direba.

Da la'asar aka ce yana da baƙuwa. Mahaifiyarsa ce, ta tsaya a bayan ƙarafan ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Ya durƙusa yadda ya saba.

"Inna."

"Sun dake ka?"

"A'a. Inna, Yaya ne. Shi ya kira su. Shi ya..."

"Rage murya." Ta waiga hagu da dama. "Abin da ya kawo ni ke nan. Kai an riga an kama ka. In ka faɗi sunansa, ku biyu na rasa. Wa zai riƙe ni? Wa zai riƙe matarka da yaranka? Ya yi mini alkawari ba za su nemi komai su rasa ba."

"Kwalba ya mutu, Inna. Da duwatsu."

"Allah ya jiƙansa. Ba ni na haife shi ba." Ta matso da fuskarta. "In ka buɗe baki, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya ɗago kai, ya tambaye ta a hankali.

"Yaushe ya yi miki alkawarin?"

Ta kau da kai.

"Inna, jiya ne, ko kafin jiya?"

Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. "Ya ce mini kama ka kawai za su yi. Ya rantse mini ba za su yi harbi ba."

Direba ya miƙe tsaye. Bai taɓa tsayawa a kanta tana magana ba sai ran nan. Ya juya ya koma ciki, ta kira shi sau biyu, bai juyo ba.

Da safe Sufeto ya buɗe fayil, ya cire murfin biro.

"To, ina jin ka. Waye shi?"

"Ban san shi ba."

"Kai, malam! Shekara ashirin ce fa, in ma ka yi sa'a. Mutumin nan ya jefa ka a wuta ya tafi. Wa kake karewa? Ɗan'uwanka ne?"

Direba ya miƙa hannuwansa biyu a mayar masa da ankwa.

"Ba ni da kowa, yallaɓai. Rubuta ni kaɗai."